Macbeth da Isnadinsa: Kafofin Intanet da Tushen Tarihi a Nazarin Wasan Shakespeare

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kafofin intanet da ɗalibai da malamai ke komawa gare su wajen nazarin Macbeth, wasan ban tausayi na William Shakespeare. Ta auna su da tambaya guda: daga ina wannan bayani ya fito, ta hannun wa kuma ya biyo kafin ya iso gare mu? Ta nuna cewa shafukan da aka fi ziyarta sukan cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe, wato matanin wasan, da littafin tarihin da marubucin ya karanta, da rubuce-rubucen da suka fi kusa da zamanin Sarki Macbeth na tarihi. Dukkan ukun suna nan a intanet kyauta, kuma da su ya kamata a gina darasi.

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba jingar ɗalibai a kan Macbeth ya san jimlar da ke yawo daga takarda zuwa takarda: wai Macbeth na gaskiya sarki ne adali, Shakespeare ne ya ɓata masa suna don ya faranta wa James, Sarkin Ingila na lokacinsa. Jimlar ba ƙarya ce zalla ba. Matsalarta ita ce ta tsallake shekara fiye da 500 da ke tsakanin mutuwar sarkin a 1057 da rubuta wasan a wajajen 1606, kamar dai Shakespeare ya zauna da amintaccen tarihi a gabansa ya murɗe shi da gangan. Ba haka abin ya faru ba. Labarin ya riga ya sha gyara a hannun marubuta da dama kafin ya iso Landan, kuma mafi yawan abin da ake ɗora wa Shakespeare ya tarar da shi ne a rubuce.

Mu da muka tashi a gidajen da ake karatun hadisi ba baƙi ba ne ga wannan tambaya. Ba a karɓar magana sai an san wanda ya ruwaito ta da wanda shi ma ya ji daga gare shi. Wannan ma'auni na isnadi shi ne na aro a nan, domin a ganina shi ne abin da ya fi ƙaranci a shafukan taimakon ɗalibai, kuma shi ne abin da intanet ɗin kanta ta sauƙaƙa fiye da kowane lokaci.

2.0 Wane matani ke kan allon wayar?

Ba a buga Macbeth ba Shakespeare yana raye. Ya rasu a 1616, sai a 1623 abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 a babban kundin nan da ake kira First Folio. Goma sha takwas daga ciki ba a taɓa buga su ba kafin nan, har da Macbeth. Twelfth Night ma yana cikinsu, wanda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Ashe mu ma muna da rabo a ɗawainiyar mutanen nan biyu. Babu rubutun hannun marubucin, babu kuma wani tsohon bugu da za a gwada da shi. Kowane Macbeth da ke duniya a yau, na takarda ko na waya, daga wannan bugu ɗaya ya tsiro.

Shi kansa bugun bai tsira daga tambaya ba. Wasan ya fi duk wasannin ban tausayi na Shakespeare gajarta, kuma masana da yawa suna ganin hannun Thomas Middleton a cikinsa, musamman a fitowa ta biyar ta kashi na uku, inda Hecate, shugabar mayu, take bayyana, da wani ɓangare na farkon kashi na huɗu. Hujjarsu mai ƙarfi ce: akwai waƙoƙi biyu da bugun 1623 ya kawo farkonsu kawai, cikakkunsu kuwa suna cikin wasan Middleton mai suna The Witch. Har ta kai babban kundin ayyukan Middleton da Jami'ar Oxford ta buga a 2007 ya sa Macbeth a ciki. Akwai masanan da ba su yarda da girman rabon da aka ba shi ba, muhawarar kuma tana nan. Amma ɗalibin da ya gina dukkan hujjarsa game da ra'ayin Shakespeare kan maita bisa jawabin Hecate, ya kamata a ce ya san ƙasar da ya taka tana rawa.

Idan aka zo ga shafukan da ke ɗauke da matanin, ba duka suke ɗaya ba. Shafin MIT, wanda aka kafa tun 1993, yana cikin na farko-farko, yana kuma buɗewa da sauri ko da sabis ba ƙarfi. Sai dai mataninsa ya samo asali ne daga bugun Globe na 1864, ba shi da lambobin layi, ba shi da sharhi. Open Source Shakespeare daga wannan tushe yake shi ma, amma yana da amfani babba wajen binciken kalma: cikin ɗan lokaci ɗalibi zai ga duk wuraren da aka ambaci jini ko barci a wasan, abin da a da sai an kwana ana juya shafi. Wanda na fi ba ɗalibai shawara su riƙa shi ne na ɗakin karatu na Folger da ke Washington, wanda Barbara Mowat da Paul Werstine suka tace. Kyauta ne, ana iya sauke shi a ajiye, yana da lambobin layi, kuma yana sa alama a duk wurin da editoci suka sauya abin da ke cikin bugun asali. Wannan alama ita ce bambancin shafin ilimi da shafin kwafa da liƙawa. Wanda kuma yake son ganin bugun 1623 da idonsa, ɗakin karatu na Bodleian a Oxford ya ɗauki hoton nasa kwafin shafi-shafi ya ɗora.

3.0 Abin da Shakespeare ya karanta

A nan ne zan fi daɗewa, domin a nan ne ribar take.

Littafin da ke gaban Shakespeare shi ne kundin tarihin Ingila da Skotland da Ailan na Raphael Holinshed. An fara buga shi a 1577, aka sake bugawa da ƙari a 1587 bayan mutuwar Holinshed, kuma wannan bugu na biyu masana suka fi karkata cewa shi ya yi amfani da shi. Wani aikin masana a Oxford mai suna Holinshed Project ya ɗora bugu biyun a intanet yadda za a iya gwada su sakin layi da sakin layi. Ɗalibi a Sakkwato ko Legas yana iya buɗe abin da shekaru talatin da suka wuce sai ya nemi biza kafin ya gani.

Idan ya buɗe, abu na farko da zai ba shi mamaki shi ne yadda kisan Sarki Duncan yake a gajarce. Holinshed ya ce Macbeth ya shawarci amintattunsa, babbansu kuwa Banquo, suka yi masa alkawarin goyon baya, ya kashe sarkin. Shi ke nan. Babu baƙunci, babu wuƙar da ke shawagi a iska, babu hannu mai jini. Duncan ɗin ma ba dattijo mai kwarjini ba ne, sarki ne mai sanyin hali da ya kasa tsawata wa masu laifi. Bayan kisan, Holinshed ya ba Macbeth shekara goma na mulkin adalci, har ya jero dokokin da ya kafa, kafin tsoro ya mayar da shi azzalumi.

To daga ina daren kisan ya fito? Sai an koma baya cikin littafin, zuwa labarin wani sarki daban mai suna Duff, wanda ya yi zamani a ƙarni na goma. Donwald, mai riƙe da ganuwar Forres, ya roƙi Sarki Duff ya yi wa wasu danginsa afuwa, sarki ya ƙi, aka kashe su. Matarsa ta lura da ɓacin ransa, ta matsa masa har ya faɗa mata, ita ta ba shi shawarar kisan, ita kuma ta tsara yadda za a yi. Sarki ya sauka a gidansu. Da dare miji da mata suka cika fadawa biyu masu tsaron ɗakinsa da abinci da giya har barci ya kwashe su. Barori huɗu da aka saya suka shiga suka yanka sarki, suka fita da gawar suka binne a ƙarƙashin wani rafi. Da gari ya waye aka ga gado jina-jina, sai Donwald ya nuna kamar ya fi kowa fushi, ya kashe masu tsaron nan biyu nan take. Holinshed ya ci gaba da cewa an yi wata shida ba a ga rana ko wata ba, dawakai suka cinye naman junansu, mujiya kuma ta shaƙe shaho. Duk wanda ya karanta kashi na biyu na wasan zai gane waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, har zuwa hirar Ross da tsohon nan a fitowa ta huɗu. Muryar da Macbeth ya ce ya ji tana hana shi barci ma tana da 'yar'uwa a labarin wani sarkin, Kenneth, wanda ya kashe ɗan ɗan'uwansa, murya ta riƙa tsorata shi a kan gado.

Yanzu ne tambayar adabi ta gaskiya ke tasowa. Me Shakespeare ya ɗauka, me ya zubar? Ya kori barorin nan huɗu, ya danƙa wuƙar a hannun Macbeth da kansa. Ya cire dalilin Donwald na ramuwa, ya kuma rage ƙarfin ƙorafin da Holinshed ya ba Macbeth game da gadon sarauta, don kada mai kisan ya sami mafaka. Ya tsofar da Duncan, ya ba shi tsarki. Ya wanke Banquo. Ya matse shekara 17 suka koma kamar 'yan watanni, ta yadda mai kallo ba ya samun sararin numfashi tsakanin laifi da sakamakonsa. Ɗalibin da ya ga waɗannan sauye-sauye da idonsa ba ya bukatar wani ya gaya masa jigon wasan, don ya ga marubucin yana ƙera shi. Wannan ya fi haddace jerin jigogi daga shafin taƙaitawa nesa ba kusa ba.

Akwai wani ƙaramin abu da bugun 1577 ke da shi wanda na 1587 ya rasa, wato zane-zane. A cikinsu akwai hoton haɗuwar Macbeth da Banquo da matan nan uku da suka zama mayu a wasan. Matan suna sanye da tufafi na alfarma, ba tsofaffi masu gemu ba ne irin na wasan. Hoto ɗaya ne, amma ya isa ya buɗe muhawarar aji guda a kan ko su wane ne waɗannan mata kafin Shakespeare ya sa musu tukunya a gaba.

Holinshed kuwa ba shi ne farkon sarƙar ba. Ya dogara ne da tarihin Skotland da Hector Boece, shugaban farko na Jami'ar Aberdeen, ya rubuta da Latin aka buga a Faris a 1527, wanda John Bellenden ya fassara zuwa harshen mutanen ƙasar bisa umarnin Sarki James na Biyar. A wurin Boece ne Banquo da ɗansa Fleance suka fara bayyana a matsayin kakannin gidan sarautar Stuart. Babu wata tsohuwar takarda da ta san da su. Masana tarihi sun gano asalin gidan Stuart daga yankin Brittany na Faransa yake, suka shigo Skotland a ƙarni na 12. Kafin Boece akwai Andrew na Wyntoun a wajajen 1420, wanda a wurinsa mafarki Macbeth ya yi da matan uku, ba ido da ido ya gan su ba. A wurinsa kuma ake samun dajin da ya taso yana tafiya da mutumin da ba a haife shi yadda ake haihuwa ba. Kafinsa akwai John na Fordun a ƙarni na 14. Kowane ɗayansu ya yi rubutu ne a ƙarƙashin sarakunan da suka fito daga tsatson Duncan, ba na Macbeth ba.

4.0 Sarkin ƙarni na 11

Idan aka gangara ƙasan sarƙar, abin da ake tararwa kaɗan ne, 'yan layuka a littattafan da masu zuhudun Kirista ke rubuta muhimman abubuwan kowace shekara. Biyu daga cikinsu, na Ulster da na Tigernach, suna shafin CELT na Jami'ar Cork da ke Ailan, tare da fassarar Ingilishi. Tarin da A. O. Anderson ya buga a 1922 na tsofaffin madogaran tarihin Skotland yana Internet Archive.

Ga abin da suka bayar. Macbeth ɗan Findlaech ne, mai mulkin yankin Moray a arewa. Duncan ya hau gado a 1034 bayan kakansa Malcolm na Biyu, ya kai wa birnin Durham hari bai yi nasara ba, aka kashe shi a watan Agusta na 1040 kusa da Elgin, cikin ƙasar Macbeth, yana da sauran ƙuruciya. Masana sun fi ɗaukar cewa a fagen fama ne, ba a kan gado ba. Mahaifin Duncan, Crinan, ya mutu a wani yaƙi a 1045. A 1050 Macbeth ya je ziyarar ibada birnin Rum, inda Marianus Scotus, wanda ya yi zamani da shi, ya rubuta cewa ya raba wa matalauta kuɗi da yalwa. Sarkin da ke tsoron a kwace masa gado ba ya irin wannan doguwar tafiya. A 1054 Siward na Northumbria ya kawo yaƙi. Littafin Ulster ya ce mutanen Skotland 3,000 da na Ingila 1,500 suka mutu. Ɗan Siward ma ya faɗi a nan, kamar yadda yake a wasan. Amma Macbeth bai mutu a wannan yaƙi ba. Sai a 1057 Malcolm ɗan Duncan ya kashe shi a Lumphanan, kuma ko a nan ba Malcolm ne ya gaje shi kai tsaye ba: Lulach, agolan Macbeth, ya yi 'yan watanni a kan gado kafin a kashe shi a 1058.

Matar tana da suna, Gruoch, kuma jinin sarauta ce. Akwai rubutun da ke nuna ita da mijinta sun ba masu ibada na tsibirin tafkin Leven kyautar ƙasa. A wannan gidan ibada ne Wyntoun ya zama shugaba bayan kusan shekara 350, ya zauna ya rubuta cewa shaiɗan ne ya haifi Macbeth. Lulach ɗanta ne da mijinta na farko. Shafuka da yawa sukan kawo wannan a matsayin amsar tsohuwar tambayar nan, ta yadda uwargidan Macbeth za ta ce ta taɓa shayarwa alhali ba a ga ɗa a wasan ba. Ina ganin a nan an wuce gona da iri. Tun 1933 L. C. Knights ya yi wa irin wannan bincike shaguɓe a wata shahararriyar maƙala, yana sukar masu ɗaukar taurarin wasa kamar mutane masu rayuwa a bayan labule. Gruoch ta tarihi ba za ta cike gurbin da marubucin ya bari a buɗe ba.

Kada kuma a ɗauka an iso gaskiya tsantsa. Littafin Ulster da muke da shi kwafi ne na ƙarshen ƙarni na 15, daga tsofaffin rubuce-rubucen da suka ɓace, kuma a Ailan aka rubuta shi, ba a Skotland ba. Mai nazarin tarihin ƙasar Hausa ya san wannan hali sarai. Bisa lissafin da H. R. Palmer ya yi a fassararsa ta Tarihin Kano a 1908, Bagauda da Macbeth sun yi zamani ɗaya, amma littafin da ke ba da labarin Bagauda a ƙarshen ƙarni na 19 ya kammala, kuma har yau ana muhawara kan wanda ya tsara shi da abin da ya dogara da shi. Ɗalibin da aka koya wa yin hattara da ɗaya ya riga ya sami makamin karanta ɗayan.

5.0 Landan a 1606, da labaran da ba su da uba

James na Shida na Skotland ya hau gadon Ingila a 1603, ya ɗauki ƙungiyar su Shakespeare ƙarƙashin inuwarsa. Shi ne ya rubuta littafi kan maita a 1597, bayan ya sa baki da kansa a shari'ar mayun North Berwick ta 1590 zuwa 1591, waɗanda aka zarga da tayar wa jirginsa guguwa. A Nuwamban 1605 aka bankaɗo makircin tarwatsa majalisa da albarushi, a 1606 kuma aka yi wa limamin Katolika Henry Garnet shari'a aka kashe shi, bayan ya kare halaccin magana mai harshen damo a gaban masu tuhuma. Barkwancin mai gadin ƙofa a kashi na biyu kan irin wannan mutum yana cikin manyan hujjojin sanya wasan a wannan shekara. Littafin James da ƙasidar 1591 da ta ba da labarin shari'ar suna cikin dubban tsofaffin littattafan da shirin EEBO-TCP ya sake wa jama'a kyauta tun 2015. Jami'ar Edinburgh kuma tana da rumbun bayanan mutane kusan 4,000 da aka tuhuma da maita a Skotland tsakanin 1563 da 1736.

Zuwa nan komai yana da takarda. Amma akwai labarai biyu da suka cika intanet ba su da ita. Na farko, cewa an fara nuna wasan a gaban James da surukinsa Sarkin Denmark a watan Agusta na 1606. Hasashen masana ne, wanda Henry Paul ya ƙarfafa a littafinsa na 1950. Babu wani rubutu na lokacin da ya ambaci Macbeth a wannan biki. Na biyu, cewa yaron da ya fara fitowa a matsayin uwargidan Macbeth ya mutu a daren farko, daga nan wasan ya zama mai baƙin jini. An bi sawun wannan labari har zuwa Max Beerbohm, ɗan jarida mai barkwanci, wanda ya ƙaga shi a 1898 ya jingina wa wani tsohon marubuci.

Shaidar gani da ido ta farko da muke da ita ta Simon Forman ce, wani ɗan duba kuma mai magani, wanda ya kalli wasan a gidan wasa na Globe ya rubuta abin da ya tuna. Rubutun yana Bodleian, hotonsa kuma yana shafin Shakespeare Documented. Takarda ce mai daɗin koyarwa, domin ita ma tana da nata rauni. Ya rubuta Asabar 20 ga Afrilu 1610, alhali a 1611 ne wannan kwanan wata ya faɗo Asabar. Ya tuna fatalwar Banquo ta zauna a kujerar Macbeth, ya tuna likita yana rubuta maganar uwargida cikin barci, amma bai ce uffan ba game da tukunyar mayu. Yadda ya siffanta matan uku ya fi kama da kalaman Holinshed, abin da ya sa ake zargin karatunsa ya gauraya da kallonsa. An ma daɗe ana shakkar takardar saboda wanda ya fara buga ta, J. P. Collier, ya shahara da jabu, kafin bincike ya wanke ta.

6.0 Shafukan taƙaitawa

Ba na cikin masu cewa a haramta SparkNotes da LitCharts da BBC Bitesize. Ingilishin 1606 yana ba wa ɗan Landan na yau wuya, balle wanda Ingilishi ya zame masa harshe na biyu ko na uku. Matanin da aka ajiye kusa da sassauƙan Ingilishi yana taimaka wa mai farawa ya kama zaren labari. Illarsu ita ce suna magana da murya ɗaya mai tabbaci, ba sa rarrabe abin da aka sani da abin da ake zato, kuma da wuya su ce ga inda suka samo. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun gaji wannan hali, wani lokaci har su ƙaga sunan littafin da babu shi. Ga fina-finai kuwa, rumbun Global Shakespeares na MIT yana tara wasannin da aka yi a ƙasashe daban-daban, kuma ɗalibanmu da suka saba da fina-finan Indiya za su ji daɗin gwada wasan da Maqbool na Vishal Bhardwaj na 2003, ko da uMabatha na Welcome Msomi cikin harshen Zulu. Sai dai bidiyo yana cin data, rubutu kuwa ba ya ci.

Shafi ma yana iya ɓacewa. Harin da masu kutse suka kai wa British Library a Oktoban 2023 ya rufe kayan karatu masu yawa na tsawon lokaci. Abin da malami ya ga yana da amfani, ya sauke ya adana tun yau.

7.0 Kira ga malamai

'Yan'uwa malamai, abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowane sashe ba. Labarin Donwald da na Macbeth a Holinshed 'yan shafuka ne, babu haƙƙin mallaka a kansu. A buga su a haɗa da takardun darasi, a zauna da ɗalibai awa ɗaya a koya musu tsohon rubutun, inda harafin u da v ke musayar wuri. A ƙara da layukan 1040 da 1054 da na mutuwar Macbeth daga CELT, da takardar Forman. A sa doka cewa duk wanda ya kawo magana daga wasan ya faɗi bugun da lambar layi, duk wanda kuma ya ce "a tarihi" ya faɗi wane tarihi, na wace shekara. Sassan Hausa da na Ingilishi a jami'o'inmu kuma su haɗa hannu su fassara waɗannan shafuka na Holinshed zuwa Hausa, su ɗora su inda kowane ɗalibi zai iya saukewa kyauta.